Wai da gaske Jefferson ya yi wa Musulmi buɗa-baki a fadarsa?

Abban Nusaiba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun shekaranjiya wani bidiyo yake yawo a WhatsApp, sau uku ana turo min shi daga wurare daban-daban. Mai maganar yana cewa wai shugaban Amurka na uku, Thomas Jefferson, yana da Alƙur'ani a gidansa, kuma shi ne ya fara shirya buɗa-baki a fadar White House, har yana nuna kamar Musulmi ne a ɓoye. Yayana ya riga ya gama yarda, ya tura wa duk dangi. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Malam Habu, wannan gonarka ce, don Allah a warware mana.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Mai bidiyon ya ɗauko gaskiya biyu ne ya ɗora musu ƙarya ɗaya.

Alƙur'anin yana nan. Jefferson ya saye shi a 1765 a garin Williamsburg na Virginia, yana saurayi ɗan shekara 22 yana karatun lauya. Fassarar Turanci ce ta wani Bature mai suna George Sale, a juzu'i biyu. A 1815, bayan sojojin Ingila sun ƙone ginin majalisa da littattafan da ke ciki, Jefferson ya sayar wa majalisar littattafansa sama da 6,000, wannan fassarar na cikinsu. Har yau tana ɗakin karatu na majalisar, kuma da ita Keith Ellison, Musulmi na farko da ya shiga Majalisar Wakilan Amurka, ya yi bikin rantsuwarsa a 2007.

Cin abincin ma ya faru. Ranar 9 ga Disamba 1805 ne. Sarkin Tunis ya aiko jakadansa, Sulaiman Mellimelli, kan rigimar jiragen ruwan Tunis da sojojin Amurka suka kama. Al'adar Jefferson ana zama cin abinci da ƙarfe uku da rabi na yamma, to watan azumi ne kuma baƙon yana azumi, sai aka mayar da lokacin zuwa faɗuwar rana. John Quincy Adams, wanda a lokacin sanata ne, yana wurin kuma ya rubuta labarin a kundinsa. Karamci ne ga baƙo, wanda duk mai hankali zai yi.

Batun Musulunta kuwa, babu shi. Mutumin da ya ɗauki reza ya bi Linjila yana yanke duk inda aka ambaci mu'ujiza, ya bar zallar wa'azin kyawawan halaye, ya liƙa su a littafi ɗaya. Wanda bai yarda da mu'ujizar Annabi Isa ba, ta ina zai zama namu? A zaɓen 1800 ma abokan hamayyarsa kafiri suke ce masa daga kan mumbarin coci.

Sadiq:
To fa. Ashe an yi mana sakiyar da babu ruwa. Malam, in ajiye Alƙur'ani a kanta ne Musulunci, ai da malaman jami'o'in Landan duk sun riga mu shiga Aljanna.

Barista Nura:
Malam Habu ya faɗi daidai, amma kada mu zubar da ruwan da tsakin duka. Akwai abin da ya fi buɗa-bakin nan muhimmanci, wanda masu bidiyo ba sa kawowa don ba ya sa a yi ta turawa.

Kafin 'yancin kai, Virginia tana da cocin gwamnati, cocin Ingila. Ko kana bin ta ko ba ka bi, harajinka ne ke biyan limamanta, kuma an sha ɗaure masu wa'azin Baftis don sun yi wa'azi babu lasisi. Jefferson ya rubuta dokar da ta rusa wannan tsari a 1777. Ta sha wuya a majalisa, sai a Janairun 1786 ta wuce, lokacin yana jakada a Faransa, abokin siyasarsa James Madison ne ya yi ta fama har aka amince. Dokar ta ce ba za a tilasta wa kowa zuwa wurin ibada ko biyan kuɗinsa ba, kuma addinin mutum ba zai rage masa haƙƙinsa na ɗan ƙasa ko ya ƙara masa ba.

Da Jefferson ya tsufa yana rubuta tarihin rayuwarsa, ya ba da labarin cewa wasu sun nemi a saka sunan Yesu a gabatarwar dokar, masu rinjaye suka ƙi, kuma shi a ganinsa wannan shaida ce cewa dokar ta rufe Bayahude da Kirista da Musulmi da Bahindu da wanda ba shi da addini. A ƙarni na 18 fa ake magana. Musulmin da ke gina masallaci a Amurka yau, inuwar wannan tunani yake sha. Jefferson kansa ya san darajar dokar: a dutsen kabarinsa abu uku ya ce a rubuta, takardar 'yancin kai ta Amurka da ya rubuta a 1776, wannan doka, da Jami'ar Virginia. Bai sa shugabancin ƙasa ba, duk da shekara takwas da ya yi.

Ɗan Damagaram:
Barista, barka da warhaka. Ina jin ka, amma mutumin da kuke yabo shi ne shugaban Amurka na farko da ya tura jiragen yaƙi ƙasar Musulmi. Tarabulus fa, wadda fataken kakanninmu suke zuwa ta Agadas da Gat da Gadamas. A ce ya matsar da lokacin tuwo don jakada, alhali watanni kaɗan kafin nan igwansa ke luguden garin Darna?

Malam Habu:
Gaskiya ne an yi yaƙin, daga 1801 zuwa 1805, amma a faɗi mafarinsa. Aljaza'ir da Tunis da Tarabulus suna da jiragen da ke tare jiragen 'yan kasuwa a Bahar Rum, su kama ma'aikata su tsare har sai an biya fansa. Ƙasashen Turai kuɗi suke biya duk shekara don a ƙyale su. Lokacin da Amurka take ƙarƙashin Ingila, tutar Ingila ce ke kare jiragenta. Da ta samu 'yanci sai rigar ta cire. Tun a 1786 Jefferson da John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na biyu, suka zauna da jakadan Tarabulus a Landan kan wannan magana. Adams ya ga biya ya fi arha, Jefferson ya ce in ka fara biya ba ranar dainawa, gara a gina rundunar ruwa. Na Adams aka bi tsawon shekaru.

Da Jefferson ya hau mulki, Yusuf Karamanli, Basha na Tarabulus, ya nemi ƙari. Aka hana. A watan Mayun 1801 ya sa aka sare sandar tutar ofishin jakadancin Amurka, wanda a al'adarsu shelar yaƙi ce. A Oktoban 1803 babban jirgin Amurka mai suna Philadelphia ya kafe a bakin tashar Tarabulus, aka kama mutanensa kusan 300. A Fabrairun 1804 wani hafsa, Stephen Decatur, ya lallaɓa da dare ya cinna wa jirgin wuta don kada Basha ya mora. A wannan watan ne dai Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, ga masu son jera tarihi gefe da gefe.

Ɗan Damagaram:
Ci gaba Malam, ka zo wurin Hamid. Nan ne zancen yake.

Malam Habu:
Ina zuwa ai. Yusuf ya ƙwace sarauta ne daga yayansa Hamid. Sai wani Ba'amurke, William Eaton, ya je Masar ya nemo Hamid, ya yi masa alkawarin mayar da shi kan gado. Suka taso daga Iskandariya da 'yan tsirarun sojojin Amurka da ɗaruruwan sojojin haya, Larabawa da Girkawa, suka keta sahara suka ci Darna a Afrilun 1805. Suna can sai wani jakadan Amurka, Tobias Lear, ya daidaita da Yusuf a watan Yuni, aka biya dala 60,000 aka karɓo fursunoni. Aka kwashe Hamid cikin dare a jirgi, aka bar magoya bayansa a Darna su san yadda za su yi.

Ɗan Damagaram:
Yauwa. A ɗauko ɗan sarki mai jin haushi, a yi masa alkawari, in buƙata ta biya a yar da shi a hanya. Shekara 200 ke nan da wani abu, kuma Libiya ɗin dai. Kuma kuɗin fansar da aka ce ba za a biya ba, an biya.

Wannan Yusuf ɗin kuma ba baƙonmu ba ne. Shi ne ya ba su Clapperton da Denham rakiya daga Tarabulus a 1822 har suka iso Kukawa, daga nan Clapperton ya shiga Kano a 1824 ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Bello.

Barista Nura:
Ban musa ba. Sai dai kada a mayar da shi yaƙin addini, don su kansu ba su ɗauke shi haka ba. Yarjejeniyar da Amurka ta yi da Tarabulus, wadda Majalisar Dattawa ta amince da ita a 1797 zamanin Adams, a rubutunta na Turanci akwai sakin da ya ce gwamnatin Amurka ba a kan addinin Kirista aka kafa ta ba, kuma ba ta da gaba da Musulmi. Rigimar kuɗi da hanyar ciniki ce.

Hajiya Bilki:
Sannunku da ƙoƙari malamai. Tun ɗazu nake karantawa ina jiran wani ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi, kun tsaya a jiragen ruwa.

Mutumin nan yana ɗan shekara 33 ya rubuta cewa dukkan mutane daidai aka halicce su, kuma Mahaliccinsu ya ba su haƙƙin rai da 'yanci wanda ba mai ƙwace musu. A rayuwarsa ya mallaki bayi sama da 600. A gidansa na Monticello yana da maƙerar ƙusa inda yara maza 'yan shekara 10 zuwa 16 suke wuni suna bugun ƙarfe, shi kuma yana auna ƙarfen da aka ba kowa da ƙusar da ya fitar don ya san wa ke ɓarna. Wani daga cikinsu, James Hubbard, da ya girma ya gudu aka kamo shi, Jefferson da kansa ya rubuta cewa ya sa an yi masa bulala mai tsanani a gaban 'yan uwansa.

Sai Sally Hemings. Baiwa ce, kuma ubansu ɗaya da matarsa Martha da ta rasu a 1782, wato ƙanwar matarsa ce ta jini. Tana 'yar shekara 14 aka kai ta Faris a 1787 don ta raka 'yarsa, shi yana da 44. Ta haifa masa 'ya'ya shida, huɗu suka rayu. Kusan shekara 200 zuriyarsa ta ɗakin aure da manyan marubuta suna cewa ƙage ne, har sai da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta a 1998, aka haɗa da lissafin cewa duk lokacin da ta ɗauki ciki yana gida. Yanzu hukumar da ke kula da Monticello ɗin kanta ta amince. Bai taɓa cewa nasa ne ba ko sau ɗaya. A littafin lissafinsa suna jere da sauran bayi, ana rubuta musu rabon tufafi.

Ku gaya min sunan wannan hali in ba munafunci ba.

Barista Nura:
Hajiya, ranki ya daɗe, ba zan wanke shi ba, amma a ji ɗaya ɓangaren. A rubutunsa na farko na takardar 'yancin kai akwai dogon sakin da ya la'anci cinikin bayi, majalisa ce ta cire shi saboda wakilan South Carolina da Georgia. A 1784 ya kawo shawarar a hana bauta a duk sabbin yankunan yamma daga shekarar 1800, ƙuri'a ɗaya ta kayar da ita. Yana shugaban ƙasa ya nemi majalisa ta haramta shigo da bayi daga Afirka, ya sa hannu a Maris 1807, dokar ta fara aiki 1 ga Janairu 1808, ranar farko da kundin tsarin mulki ya yarda a yi hakan. Kuma bashi ya yi masa katutu, bayin da yawa jingina ce a hannun masu binsa. Mutum ɗan zamaninsa ne.

Hajiya Bilki:
Barista, wannan “ɗan zamaninsa” ɗin ita ce ba na so. Su waye 'yan zamaninsa? John Adams bai taɓa mallakar bawa ba. George Washington, ɗan Virginia kamarsa, ya bar wasiyya a 1799 a 'yanta duk bayin da suke mallakinsa. Robert Carter, shi ma attajirin Virginia, ya fara 'yanta bayinsa sama da 450 tun 1791. Wani saurayi maƙwabcinsa, Edward Coles, ya rubuto masa wasiƙa a 1814 yana roƙonsa ya ja gaba a yaƙi bauta, tunda shi ne mai sunan da za a saurara. Jefferson ya ce ya tsufa, aikin matasa ne, ya kuma ba shi shawarar ya zauna ya riƙe bayinsa da kyautatawa. Yaron bai ji ba, ya kwashe su ya 'yanta su a hanyar Illinois, daga baya ma ya zama gwamnan jihar.

Bashin kuma wa ya ci? Shekara 40 yana rushe gida yana sake ginawa, yana odar giya da littattafai da kayan ɗaki daga Faransa. Hana shigo da bayi daga waje ma bai cuci masu gonakin Virginia ba, don su suna da rarar da suke sayar wa jihohin auduga, farashi ma ya tashi musu.

Malam Habu:
Hajiya ta fi ni gaskiya a nan. Zan ƙara abu ɗaya. A littafin da ya rubuta kan Virginia ya ce yana zaton baƙar fata ba su kai farare kaifin tunani ba. A 1791 wani baƙar fata ɗa, Benjamin Banneker, masanin lissafi da taurari, ya aika masa da kalandar taurarin da ya lissafa da hannunsa, tare da wasiƙa yana tuna masa kalmominsa na 1776. Jefferson ya amsa cikin ladabi, amma bayan shekaru ya rubuta wa wani aboki yana shakkar ko shi kaɗai ya yi aikin. A 1820 ya kwatanta bauta da kama kyarkeci a kunne, riƙewa ba daɗi, saki ba dama. Ya san laifi ne sarai, ya sha faɗa. Sanin ne ma ya sa nasa ya fi nauyi a wurina.

Kuma tunda da Musulunci aka faro zancen, cikin waɗanda aka sauke a Charleston a 1807, dab da rufe ƙofa, akwai Umar ɗan Sa'id, almajiri daga Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 kuma ya mutu yana bawa. Dokar 'yancin addinin nan ba ta iso irinsu ba.

Baba Ɗanladi:
Yara, ku bar ni in sa baki. Ina jin daɗin muhawarar, amma mu riƙa sara muna duban bakin gatari. A shekarun da kuke magana, ayarin da ke tashi daga Borno da Kano zuwa Fezzan da Tarabulus ba fata da gashin jimina kaɗai yake ɗauka ba, har da mutane. Kasuwar Kurmi tana da wurin sayar da bayi. Rinji da gandu ba tatsuniya ba ne, ni na tarar da tsofaffin da aka san asalinsu a garinmu, ana faɗa a raɗa idan maganar aure ta taso. A Arewacin Najeriya sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a doka. Laifi tudu ne.

Amma akwai bambanci ɗaya da zan faɗa wa Bilki. A shari'armu, ƙwarƙwarar da ta haifa wa ubangijinta, ɗan ɗa ne, yana cin gado, yana iya hawa gadon sarauta, kuma sarakuna da yawa haka aka haife su. Ita ba a sayar da ita, in ya mutu ta 'yantu. A Virginia kuwa tun 1662 doka ta ce ɗa uwarsa yake bi, sai mutum ya haifi ɗa ya rubuta shi cikin dukiyarsa.

Hajiya Bilki:
Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi gyara. Sai dai wadda aka kamo daga ƙauyensu tana yarinya aka sa ta a ɗaka, ba a tambaye ta ba ita ma, ko ɗanta ya zama sarki. Kuma kakanninmu ba su rubuta wa duniya takarda suna cewa kowa daidai yake da kowa ba. Shi ya rubuta, da ita nake auna shi.

A Faransa fa Sally tana iya zuwa kotu ta nemi 'yancinta. Ɗanta Madison ya ba da labari a 1873 cewa ta ƙi dawowa sai da ya yi mata alkawarin 'yanta 'ya'yanta in sun kai shekara 21. Yarinya 'yar shekara 16 ce ta yi wannan cinikin. Alkawarin dai ya cika shi, biyu ya bari suka tafi a 1822, biyu ya 'yanta a wasiyya. Ita kanta bai saka sunanta ba.

Sadiq:
Ni tambayata ta siyasa ce. Malaminmu ya taɓa cewa zaɓen 1800 shi ne karon farko da jam'iyya mai mulki ta faɗi ta miƙa wa 'yan adawa a Amurka. Haka kawai lami lafiya?

Barista Nura:
Lami lafiya a ƙarshe, amma an sha kallo. A lokacin kowane wakilin zaɓe ƙuri'a biyu yake jefawa ba tare da ya bambance ta shugaba da ta mataimaki ba. Shi ya sa a 1796 Adams ya zama shugaba, Jefferson abokin hamayyarsa ya zama mataimakinsa. Ka ga an haɗa kura da akuya a ɗaki ɗaya. A 1798 jam'iyyar Adams ta yi dokar da ta sa ake ɗaure 'yan jarida kan sukar gwamnati. Jefferson, yana mataimakin shugaban ƙasa fa, ya rubuta wa majalisar Kentucky ƙuduri a ɓoye cewa jiha tana iya watsi da dokar tarayya.

A 1800 Adams ya samu 65, Jefferson 73, amma wanda ya tsaya masa mataimaki, Aaron Burr, shi ma 73. Burr ya ga banza ta faɗi, ya ƙi cewa ya janye. Magana ta koma Majalisar Wakilai, wadda ke hannun jam'iyyar da ta faɗi. Sau 35 ana kaɗa ƙuri'a babu wanda ya ci, sai a ta 36, ranar 17 ga Fabrairu 1801. Alexander Hamilton, babban maƙiyin Jefferson a siyasa, shi ya yi ta rubuta wa 'yan jam'iyyarsa cewa gara Jefferson mai aƙidar da ba ya so da Burr da ba shi da aƙida ko ɗaya. A Yulin 1804 Burr ya harbe Hamilton a fito-na-fito da bindiga, yana kan kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Adams kuwa ranar rantsarwa tun da asuba ya hau keken doki ya bar Washington, bai tsaya biki ba. Amma ya tafi, bai kira soja ba. Wannan yabon na Adams ne.

Malam Habu:
A ƙara da cewa kundin tsarin mulki yana ƙirga kowane bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru, alhali ba ya zaɓe. Wannan ya ƙara wa jihohin kudu wakilai, kuma masana tarihi da yawa sun lissafa cewa ba don shi ba da Adams ne ya ci.

Sadiq, sojojin baka ma ba yau aka fara ba. Jefferson yana sakataren harkokin waje a gwamnatin Washington ya ɗauki wani Philip Freneau aikin tafinta a ofishinsa, ainihin aikinsa kuwa buga jaridar da ke caccakar Hamilton. Daga baya ya riƙa tura wa wani James Callender kuɗi yana zagin Adams. Da aka ci zaɓe Callender ya zo neman ladansa, shugaban gidan waya na Richmond yake so, aka hana shi. Shi ne ya juya ya fasa ƙwan Sally Hemings a jarida a 1802.

Sadiq:
Kai! Wallahi kamar a gidan rediyo ranar da aka raba muƙamai aka manta da wani.

Ɗan Damagaram:
Kada a tashi ba a taɓo Louisiana ba, makeken yankin da Amurka ta saya daga Faransa, don nan ma akwai baƙar fata a ƙarƙashin labarin. Ana cewa Jefferson ya yi cinikin ƙarni, ya ninka girman Amurka da dala miliyan 15 a 1803. Me ya sa Napoleon ya sayar? Don bayin Haiti sun karya rundunar da ya tura, su da ciwon shawara, har surukinsa Leclerc da ke jagorantarta ya mutu a can. Da Haiti ta kuɓuce masa sai Louisiana ta zama kaya. Haiti ta ayyana 'yancinta 1 ga Janairu 1804. Jefferson, marubucin takardar 'yanci, ya ƙi amincewa da ita, a 1806 ma aka hana ciniki da ita. Sai 1862 Amurka ta amince da Haiti. Ƙasar da aka saya kuma akwai masu ita a zaune, ƙabilun asali, ba wanda ya tambaye su.

Barista Nura:
A wurinmu lauyoyi abin dariyar daban ne. A 1791 Jefferson ne ya ce wa shugaba Washington bankin ƙasa da Hamilton yake so haramun ne, don kundin tsarin mulki bai ambaci banki ba. To kundin bai ambaci sayen ƙasa ba shi ma. Ya sani, har ya zauna ya tsara gyaran da za a yi wa kundin, sai aka aiko daga Faris cewa Napoleon na iya canza ra'ayi. Ya ninke takardarsa ya ce wa mutanensa a rage yawan magana a kai. Jakadunsa Monroe da Livingston ma birnin New Orleans da yankin Florida kawai aka aike su saya.

Mai cewa gwamnati ta rage shiga harkar mutane kuma shi ne a Disambar 1807 ya hana duk jiragen Amurka fita da kaya waje, wai don ya horar da Ingila da Faransa ba tare da yaƙi ba. Kayan da ake fitarwa suka faɗo daga kusan dala miliyan 108 zuwa 22 a shekara ɗaya. Tashoshin ruwa suka mutu, fasa-ƙwauri ya buɗe ta iyakar Kanada, har ya tura soja. Kwana uku kafin ya sauka a Maris 1809 ya sa hannu aka janye dokar. Abin da zan ba shi, sakataren kuɗinsa Albert Gallatin ya rage bashin ƙasa daga miliyan 83 zuwa 57, kuma da aka roƙe shi ya nemi zango na uku ya ƙi.

Ɗan Damagaram:
Rufe iyaka don a horar da maƙwabci, a ƙare da horar da talakan gida. Mu na bakin Magarya da Maimujiya ba sai an fassara mana ba.

Abban Nusaiba:
Allah ya saka muku da alheri. Na zo da tambayar buɗa-baki na tashi da kaya niƙi-niƙi. Yanzu me zan ce wa Yaya? Shi fa amsa ɗaya yake so, mutumin kirki ne ko a'a.

Barista Nura:
Ka ce masa ba Musulmi ba ne, Alƙur'anin gaskiya ne, kuma dokar 1786 ta fi liyafar 1805 amfani ga Musulmi. Sauran ya zo ya karanta da kansa.

Sadiq:
Malam, wai gaskiya ne rana ɗaya suka mutu da Adams?

Malam Habu:
Gaskiya ne, 4 ga Yuli 1826, ranar da takardar 'yancin kai ta cika shekara 50. Sun yi shekara goma sha biyu ba sa ga maciji, sai a 1812 suka shirya suka koma rubuta wa juna wasiƙu har ƙarshen rayuwa. Jefferson ya riga shi da 'yan sa'o'i.

Hajiya Bilki:
Wannan kowa yana son faɗarsa don yana da daɗin ji. A ƙarasa da abin da ya biyo baya. Jefferson ya bar bashin sama da dala 107,000. Mutum biyar kawai ya 'yanta a wasiyya. A Janairun 1827 aka buga sanarwar gwanjo a Monticello, bayi 130 tare da dawakai da kayan ɗaki da kayan gona. Cikin biyar ɗin nan akwai maƙerinsa Joseph Fossett. Matarsa Edith ita ce ta yi shekaru tana koyon girkin Faransawa a fadar shugaban ƙasa, tana ɗakin girkin a shekarar da jakadan Tunis ya zo cin abincin da kuke ta magana a kai. Shi aka 'yanta, ita da 'ya'yansu aka sa su a gwanjo, masu saye daban-daban suka rarrabe su. Shekara goma ya yi yana ƙira yana tara kuɗi kafin ya karɓo ta da wasu daga cikin yaran.

Abban Nusaiba, wannan ma ka tura wa Yaya.